Malamai mata da kujerar shugaban makaranta a arewacin Kamaru

Kowace shekara, daf da komawa makaranta a watan Satumba, akan fitar da sunayen waɗanda aka naɗa su shugabanci makarantun gwamnati a Kamaru. Takardun kan zaga wayoyi ta WhatsApp tun kafin su isa ofisoshi. Malamai a Garwa da Marwa da Ngaundere su yi ta bin su layi-layi, kowa na neman sunansa ko na wani nasa. Mai ƙirga sunayen mata a ciki ba ya daɗewa yake gamawa, balle in ya bar makarantun cikin gari ya koma na ƙauyuka.

Abin yakan ɗaure wa mutane kai. A firamaren cikin gari, azuzuwa da yawa mata ne ke riƙe da su. A can sama kuma, ma'aikatun ilimi sun daɗe a hannun mata. Haman Adama ta riƙe ma'aikatar ilimin firamare daga 2004 zuwa 2009, Youssouf Hadidja Alim ta gaje ta har zuwa 2019, kuma dukansu 'yan arewa ne. A 2018 aka ba Nalova Lyonga ma'aikatar ilimin sakandare. Jami'ar Ngaundere ma ta samu shugaba mace, Uphie Chinje Melo, a 2017. To in mace ta iya riƙe ma'aikata sukutum, me ya hana ta riƙe makaranta mai aji shida a Mayo-Kani ko a Faro?

Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce al'ada da addini. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ta ɗauke tambayar duka ba. Mafi yawan malamai mata, tun shekaru da dama kafin ranar naɗi hanyarsu ta riga ta rabu da hanyar kujera.

Wace kujera ake nufi

Ma'aikatu biyu ne ke da ruwa da tsaki a nan. MINEDUB ita ke kula da makarantun reno, waɗanda ake kira matanel, da na firamare. MINESEC kuma ita ke da sakandare. A firamare, shugaba shi ne darakta. A ƙaramar makaranta yakan haɗa shugabanci da riƙe aji, a babba kuma akan sauke masa aji ya zauna da aikin ofis kaɗai. Sama da shi akwai sufeton ƙaramar hukuma, sai delegen gunduma, sai delegen jiha.

A sakandare matakan sun fi yawa. Babbar sakandare, wato lise, furobiza ne ke shugabantarta. Ƙarƙashinsa akwai sansar mai kula da tsarin karatu da jadawali, da surbeyan janar mai kula da tarbiyyar ɗalibai, da mai riƙe kuɗi. Ƙaramar sakandare ta CES tana da nata darakta. Galibi malami kan fara da surbeyan, ya zama sansar, ya samu daraktan CES, kana ya kai ga lise.

Duk waɗannan kujeru ba jarrabawa ake zaunawa a ci su ba. Naɗi ne. Ana duba matsayin malami da shekarunsa a aiki, amma sunansa sai ya bi ta hannun magabatansa, wani ya gabatar, wani ya amince, wani ya sa hannu. Ke nan ƙwarewa kaɗai ba ta isa, sai an san mutum, an ga aikinsa, an kuma tuna da shi ranar da ake rubuta sunaye.

Makarantu masu zaman kansu nasu daban ne. Akwai na Katolika, na Furotesta, na Musulunci da na 'yan kasuwa, kuma mai makaranta ko hukumar addinin ce ke zaɓen shugaba. Matanel kuwa kusan duk mata ne ke shugabantar su, don haka in aka haɗa alƙaluman matanel da na firamare wuri ɗaya, adadin mata yakan yi kyau a takarda fiye da yadda yake a ƙasa.

Matsalar ba ta Kamaru kaɗai ba ce. Binciken PASEC na 2019, mai auna karatun 'yan firamare, wanda ya shafi ƙasashe 14 masu amfani da Faransanci, har da Kamaru da Cadi da Nijar, ya nuna mata tsiraru ne ƙwarai a cikin daraktocin firamare. A Cadi, da ke tsallaken kogi daga garin Kusiri na Kamaru, abin ya fi tsanani, domin ko a cikin malaman aji mata ba su da yawa, kuma makarantun ƙauye da dama malaman da iyaye ke biya ne ke riƙe da su.

Asalin giɓin

Boko ya makara wajen shigowa arewa. Yayin da mishan suka cika kudu da makarantu tun zamanin Jamus, ƙasashen lamiɓai, wato sarakunan Fulani, sun riƙe karatun allo da na zaure, Turawan mulki kuma ba su so su ɓata da sarakuna a kan maganar makaranta. Da aka soma buɗewa, 'ya'ya maza aka fara kai wa, su ma ba da son ran iyaye ba. 'Ya mace ta zo daga baya can. Har yau jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, tare da jihar Gabas, su ne gwamnati ta sa cikin yankunan da ake ba fifiko a harkar ilimi, waɗanda ake kira ZEP, saboda an bar su a baya.

Kafin mace ta zama malama sai ta gama firamare ta ci jarrabawar fita ta CEP, ta shiga sakandare ta ci BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare, sau da yawa har ta kai bakaloriya ta ƙarshen babbar sakandare, kana ta shiga makarantar horon malamai ta ENIEG ta fito da takardar shaidar malanta ta CAPIEMP. Mai son koyarwa a sakandare kuwa sai ta bi ta babbar makarantar horon malamai, kuma arewa ba ta samu irin wannan ba sai da aka kafa Jami'ar Marwa a 2008. A kowane mataki 'yan mata na zubewa, kuma babbar mazubar ita ce shekarun balaga. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na matan Kamaru masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kuma jihohin arewa sun zarce wannan adadi. Dokar 1981 ta yarda a aurar da yarinya mai shekara 15 da izinin iyaye. Kundin hukunta laifuka na 2016 ne ya tanadi hukunci ga wanda ya aurar da yaro ko yarinya da ba su kai 18 ba.

Sai kuma karayar tattalin arziki ta shekarun 1990. An zabtare albashin ma'aikata sau biyu a 1993, aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a Janairun 1994, ɗaukar malamai ya tsaya cik na tsawon lokaci. Iyaye suka koma ɗaukar malamai da kansu suna biyan su daga aljihu, kuma a ƙauye wanda ake samu ya yi wannan aiki yawanci saurayi ne ɗan garin da ya ɗan yi sakandare. Da gwamnati ta soma ɗaukar malamai na kwantaragi da yawa daga wajajen 2007, waɗanda suka riga suka daɗe a aji suna cikin waɗanda suka amfana. Mutanen da suka kai shekarun shugabanci a yau, daga wannan zubin suka fito. Ƙarancin matan da ake gani a jerin naɗi na bana, wani ɓangarensa hoton azuzuwan shekaru 25 ko 30 da suka wuce ne.

Kujera tana ƙauye, malama tana gari

Kujerar farko da malami kan samu da wuya ta kasance a tsakiyar Garwa. Yawanci ƙaramar makaranta ce a ƙauye, mai malamai biyu ko uku, wani lokaci ma darakta ne kaɗai ma'aikacin gwamnati a cikinta. A nan ake koyon aikin, a nan ake tara shekarun da za a duba in babbar makaranta ta buɗe. Namiji kan karɓa. Ya bar iyali a gari, ya sayi babur, ya kama ɗaki a gidan jauro ko bulama, ya riƙa zuwa gida ƙarshen mako ko ƙarshen wata. Ba wanda zai ce masa uffan.

Mace mai aure ba ta da wannan sarari. Akwai hanyar da hukuma ta buɗe don haɗa ma'aurata, inda malama kan nemi a mayar da ita garin da mijinta yake. Hanya ce ta jinƙai, kuma matan da kansu ne ke neman ta, amma sakamakonta shi ne malamai mata sun taru a makarantun manyan garuruwa. A irin wannan makaranta za a iya samun malamai goma sha wani abu, kujerar darakta ɗaya tak, kuma masu harinta sun haɗa da mazan da suka riga suka yi shugabanci a ƙauye suna neman dawowa gari. In aka ajiye takardun biyu, na wanda ya riƙe makaranta shekara shida da na wadda ba ta taɓa riƙewa ba, sufeto ba ya buƙatar ƙin mata kafin ya zaɓi na farko.

Mace marar aure, ko bazawara, wadda a ƙa'ida za ta iya tafiya, ita kuma wata matsalar ke jiran ta. Makarantun ƙauye da yawa ba su da gidan malami. Zaman mace ita kaɗai a ɗakin haya a garin da ba danginta abu ne da ke jawo surutu, kuma surutun yakan riga ta isa makaranta. Ga nisan asibiti ga mai ciki ko mai goyo, ga ruwan sha, ga hanyoyin da damina ke yankewa a Mayo-Danay da Logone-et-Chari na tsawon makonni.

Doka ma tana da hannu. Kundin dokokin zamantakewa da aka gada daga Faransa, wanda ake aiki da shi a ɓangaren ƙasar mai amfani da Faransanci, ya ba miji ikon zaɓen wurin zaman iyali. Dokar 1981 kuma, bayan ta ba matar aure damar yin sana'arta, ta ba miji damar hana ta in yana ganin hakan ya fi wa aure da 'ya'ya, kotu ce ke raba gardama. Ba kasafai ake kai irin wannan magana gaban alƙali ba, a cikin ɗaki take ƙarewa. Sai dai kasancewarta a rubuce yana nuna cewa amincewar maigida sharaɗi ne na zahiri, ko da ba ya cikin takardar naɗi. An daɗe ana maganar sabon kundin dokokin iyali da zai gyara waɗannan sassa.

Akwai wani abu ƙarami da ba a cika lura da shi ba, wato rabon azuzuwa. Malamai mata akan ba su ƙananan aji, SIL da CP, da hujjar cewa sun fi iya lallashin yara. Ajin ƙarshe, CM2, wanda ke zana CEP da jarrabawar shiga sakandare, yakan faɗa hannun namiji, saboda yana bukatar darussan yamma da na Asabar. Sakamakon CM2 kuwa shi ake kafewa a allo, shi sufeto ke tambaya, da shi ake sanin sunan malami. Wadda ta yi shekara goma tana koya wa yara ɗari baƙaƙen farko, alhali da Fulatanci ko Mafa ko Tupuri ko Hausa suka zo ba da Faransanci ba, ta yi aiki mafi wuya a makarantar, amma babu takardar da ke nuna shi.

Bin takardu da sanin mutane

Duk malamin gwamnati a arewa ya san wahalar bin takarda. Lambar albashi, ƙarin girma, kuɗin baya da aka riƙe, da yawansu sai an dangana da Yawunde. Daga Marwa mutum zai hau mota zuwa Ngaundere, ya kwana a jirgin ƙasa, ya isa ya nemi masauki, ya yi kwanaki yana zarya tsakanin ofisoshi. Yajin aikin da gamayyar malamai mai suna OTS ta kira, wanda ya ɓarke a Fabrairun 2022 a kan wannan ne: mutane suna aiki shekara da shekaru ba lamba ba cikakken albashi. Rasuwar wani malami a Beka, a jihar Arewa, bayan ya yi kusan shekara goma yana jiran a daidaita matsayinsa, ta girgiza ƙasar a lokacin.

Wahalar ta kowa ce, amma nauyinta ba ɗaya ba ne. Mai shayarwa ko mai yara ƙanana ba za ta yi wannan tafiya yadda namiji zai yi ba, kuma in takardunta suka makale, matsayinta ya makale, shekarun da za a ƙirga mata su ja baya. Hutun haihuwa mako 14 ne a doka, kuma haƙƙi ne, sai dai a makarantar da ba mai maye gurbi, wasu magabata kan riƙe shi a zuci a matsayin dalilin tsallake suna.

Sanin mutane kuma yana da wurarensa da lokutansa: majalisar bayan la'asar, zaman shayi, taron jam'iyya, rakiyar babba in ya zo rangadi. Malama in an tashi makaranta gida take nufa, girki na jiran ta. In kuwa ta yawaita zuwa ofishin delege don a san da ita, kamar yadda abokin aikinta namiji ke yi ba tare da kowa ya ɗaga ido ba, sai a soma yi da ita. Wadda ta samu naɗi ma ba ta tsira ba, akan samu masu raɗa cewa ba aikinta ne ya ba ta ba. Tsoron wannan ƙazafi kaɗai ya isa ya sa mace mai mutunci ta janye. Haka kuma tsarin da ya dogara ga alfarmar mutum ɗaya yana buɗe ƙofa ga wanda zai nemi abin da bai dace ba, kuma mai ƙorafi ta san takardarta a hannun wa take.

Bayan an hau kujerar

A 2000 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati, aka kawo tsarin ba makarantu 'yan kayan aiki, alli da rajista da makamantansu, wanda yanzu ta hannun magajin gari yake biyowa, kuma sau da yawa yakan makara. Abin da ke tafiyar da makaranta a zahiri shi ne kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, APEE. Da shi ake biyan malaman iyaye, a gyara benci, a yi rumfar zana in aji ya rushe. Shugabannin wannan ƙungiya a mafi yawan wurare dattawa maza ne. Darakta mace, wataƙila sa'ar 'yarsu, ita za ta zauna da su a kan lissafi, ta ce wannan kashe kuɗi bai yi daidai ba. Tarbiyyar da ta taso da ita ta ce ta sunkuyar da kai ta ce "to, Baba", aikin kuma ya ce ta ƙi sa hannu.

Haka abin yake a wajen sarauta. Filin makaranta in an ci iyakarsa, ko yara in sun daina zuwa lokacin girbin auduga da gyaɗa, wurin lawan ko lamiɗo ake kai kuka. Wasu fadodin suna karɓar Madam darakta hannu biyu, wasu kuwa sai ta nemi namiji cikin malamanta ya yi mata baki, kuma daga ranar da ta yi haka, mutanen gari sun san wa za su riƙa nema.

A cikin makaranta, malamin da ya girme ta ko ya riga ta shiga aiki yakan gwada ta da makara ko ƙin kawo shirin darasi. In ta yi shiru a ce ba ta iya ba, in ta rubuta shi a ce ta cika zafi. A sakandare akwai ɗalibai samari da suka fi ta tsawo, ga matsalar ƙwaya, kuma tun da wani ɗalibi ya kashe malaminsa da wuƙa a wata lise ta Yawunde a Janairun 2020, maganar tsaron malamai ta zama babba. Masu cewa kujerar surbeyan sai namiji da wannan suke kafa hujja, ko da yake dokar ilimi ta 1998 ta hana duka, don haka ƙarfin damtse ba ya cikin abin da hukuma ke nema.

Duk wannan kaya, alawus ɗin muƙamin bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa wasu malamai mata, in an yi musu tayi, da bakinsu suke cewa a bar su a aji. Lissafi suka yi: ƙarin awoyi, ƙarin faɗa, aikin gida bai ragu ba, kuɗi kuma kusan yadda yake.

A kan iyaka da Najeriya akwai ƙarin wani nauyin. Tun 2014 hare-haren Boko Haram suka rufe makarantu da dama a Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da Logone-et-Chari, a wurare irin su Kolofata, Amcide da Fotokol. Malamai maza da mata duk sun gudu, kuma da aka soma komawa, iyalai sun fi jinkirin barin mace ta koma.

Yadda ɓangarori ke kallon lamarin

Masu fafutukar haƙƙin mata da wasu ƙungiyoyin ilimi suna son a ware wa mata kaso a cikin naɗe-naɗe. Hujjarsu ita ce Kamaru ta amince da yarjejeniyar CEDAW ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kawar da wariya ga mata tun 1994, ta kuma shiga ta Maputo kan haƙƙin matan Afirka, kuma tun da naɗi ne ba jarrabawa ba, mai naɗin yana da ikon gyara giɓin in ya so. Suna kuma nuni da nazarin da cibiyar tsara ilimi ta IIEP ta UNESCO a Dakar ta yi a kan alƙaluman PASEC, wanda ya gano cewa a Benin, Madagaska, Senegal da Togo, ɗaliban makarantun da mata ke shugabanta sun fi samun maki.

Masu ja da wannan ra'ayi, cikinsu har da mata, suna cewa ba a fafe gora ranar tafiya. In aka cika kaso da waɗanda ba a shirya ba, ko aka tura mace ƙauyen da ba gida ba tsaro, za ta ajiye aikin cikin shekara guda, a mayar da faɗuwarta hujja a kan sauran. Suna kuma tunatarwa cewa ƙasashe huɗu ne cikin 14 aka ga wannan bambanci, kuma mai yiwuwa matan da suka tsallake duk shingayen nan har suka kai kujera zaɓaɓɓu ne tun asali. Abin da suka fi so shi ne a bayyana sharuɗɗan naɗi a fili, a tallata kujerar da ta buɗe, kowa ya nema a rubuce. Wannan zai rage tasirin majalisa da alfarma, sai dai ba zai kai kujerar ƙauye kusa da gidan malama ba.

A ɓangaren addini ma bakin bai zo ɗaya ba. Akwai masu kawo hadisin da ke cikin Bukhari game da mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace, suna faɗaɗa shi ga kowane irin shugabanci a kan maza. Malamai da yawa kuwa sun taƙaita shi ga shugabancin ƙasa, suna ganin riƙe makaranta amana ce ta aiki kamar sauran ayyuka. Masu wannan fahimta sukan kawo misalin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta tsara 'Yan Taru, ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata, a daular Sakkwato da Adamawa ke cikinta. Abin lura shi ne, iyayen da suka fi tsananin kishin tarbiyyar 'ya'yansu mata su ne kuma suka fi son a ce mace ce ke kula da su a makaranta. Islamiyoyin matan aure a unguwannin Hausawa na Garwa da Ngaundere, da yawansu malamai mata ne ke tafiyar da su ba tare da wata gardama ba.

Su kuwa jami'an hukuma, abin da suka saba faɗa shi ne doka ba ta bambanta ba, kuma mata ba sa karɓar ƙauye. Maganar tana da tushe. Tambayar da ta rage ita ce ko an taɓa tanadar abin da zai sa su karɓa.

Abin da ya shafi iyaye da yara

Wanda abin ya fi taɓawa ita ce yarinyar da ta kai CM1 ko CM2, wato azuzuwa biyu na ƙarshe a firamare, ko ajin farko na sakandare. A shekarun nan ne take fara al'ada, a nan ne masu neman aure ke fara sallama, a nan ne uba ke soma tunanin cire ta. In makarantar ba mace ko ɗaya, ba wanda za ta gaya wa cewa rashin makewayi mai ƙofa ne ke hana ta zuwa kwana huɗu a wata, ko cewa wani malami yana takura mata. Uwa ma ba za ta shiga ofishin namiji ta faɗi irin wannan ba, amma darakta mace tana iya shiga har cikin gida, inda namiji zai tsaya a zaure. Ƙungiyoyin iyaye mata na ɗalibai, AME, da aka kafa a makarantu da dama na arewa, sun fi ƙarfi inda suka samu mace a cikin hukumar makaranta da za su yi magana da ita kai tsaye.

A Afrilun 2022 ministar ilimin sakandare ta fitar da umarnin cewa ɗalibar da ta samu ciki ba za a kore ta ba, za ta ci gaba da karatu har mako na 26, ta kuma dawo bayan ta haihu. A arewa, inda ɗaliba mai ciki sau da yawa matar aure ce, wannan umarni yana iya ceto karatun mata da yawa. Amma aiwatar da shi a hannun furobiza da sansar da surbeyan yake: su za su karɓe ta, su hana a tsangwame ta, su shawo kan miji ya bar ta ta dawo. Ba a ce namiji ba zai iya ba, akwai masu yi da kyau. Sai dai makarantar da duk ofisoshinta maza ne, labarin cikin yakan iso ta ne bayan yarinyar ta riga ta daina zuwa.

Matakan da ake tattaunawa a kai ba su da wani sarƙaƙiya a faɗe. Gina gidan malamai mai katanga a makarantun ƙauye, wanda tun da aka miƙa wa ƙananan hukumomi ginin firamare ya zama abin da magajin gari zai iya sa wa a kasafinsa. Tura malamai mata biyu tare maimakon ɗaya. Tura miji da mata wuri ɗaya in dukansu malamai ne. Ɗaukar 'yan asalin yanki a horar da su, su yi aiki kusa da danginsu, abin da buɗe Jami'ar Garwa a 2022 da makarantun ENIEG na gundumomi zai iya sauƙaƙawa. Ba mata ajin CM2 da muƙamin mataimaki, don su shiga jerin da ake dubawa. Kowanne daga cikinsu yana cin kuɗi ko yana taɓa wata al'adar ofis, kuma wanda aka fara a bana sai bayan shekaru za a ga sunayen da ya haifar a takardar naɗi. Iyaye kuma suna da nasu wurin magana, domin dokar 2001 ta ba su kujeru a majalisar makaranta, kuma zaɓen shugabannin APEE a hannunsu yake kowace shekara.